Fawa banki da caja masu araha: abin da suke yi wa wayarka

Darasinmu na yau a kan kaya biyu ne da yanzu da wuya ka shiga gida ba ka gan su ba, wato caja da fawa banki. Daga Farm Centre a Kano har teburin mai sayar da kati a unguwa, ko'ina akwai su. Yawansu ya yi amfani: an ɗauke wuta, wayarka na nan a kunne, mai POS bai rufe shago ba. Sai dai araha ba ta ado, jabu sun cika kasuwa.

Lissafin mAh

Batirin da ke cikin fawa banki yana aiki ne a kan bolt 3.7. Idan an rubuta 10,000mAh, ka ninka da 3.7 ka raba da 1,000, za ka samu 37Wh. Wannan shi ne ainihin wutar da ya ɗauka. Batirin waya mai 5,000mAh kuwa kusan 19Wh ne. A takarda caji biyu ke nan. Amma sai fawa bankin ya ɗaga wutar zuwa bolt 5, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Shi ya sa ko na gaske ne, caji ɗaya da rabi za ka samu.

Nauyi ma shaida ne. Na gaske mai 10,000mAh yakan kai wajen giram 200. In ka ga an rubuta 50,000mAh amma bai fi sabulu nauyi ba, ajiye musu kayansu.

Illar jabun caja

Wutar gidajenmu bolt 230 ce, aikin caja shi ne ya mayar da ita bolt 5 mai tsafta, ya kuma raba ta da jikinka. Masu yin jabu suna rage kayan kariyar ne don su rage farashi. Alamominsa:

1. Sikirin yana danna kansa in kana caji.
2. Kan cajar yana zafin da ba ya taɓuwa.
3. Kana jin ɗan ja in ka taɓa ƙarfen wayar.

Ka ga ɗaya daga ciki, daina amfani da shi. Kuɗin sabon caja bai kai na canza batiri ko gyaran fanel ba.

Batirin litiyam ba abin wasa ba ne

A 2016 kamfanin Samsung da kansa ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batirin yana kamawa da wuta. To ina ga wanda ba a san ma wa ya haɗa shi ba? Kada ka yi caji a ƙarƙashin matashi, kada ka bar fawa banki cikin mota a rana. Wanda ya kumbura ya gama aiki: kada a huda shi, kada a jefa shi bolar da ake ƙonawa, kuma a nisanta shi da yara.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake karanta rubutun da ke jikin caja kafin a biya kuɗi. Sai mun haɗu.