Kaboyi a Ƙauyen Nijar: Darasi Kan Yadda Ake Kallon Gajeren Fim

 

A makon jiya mun zaga aji-aji da tambaya guda: idan aka kawo maka sabon fim, me kake fara tambaya? Amsar da muka fi ji ita ce, "Wa ya fito a ciki?" Da an ce Ali Nuhu ko Adam A. Zango ko Rahama Sadau, magana ta ƙare, sai a gyara zama. Son jarumi ba laifi ba ne, amma wanda ya tsaya a kan fuskar jarumi kamar baƙo ne da ya tsaya a zaure ya ce ya ga gida. Shi ya sa muka zaɓo wani gajeren fim mai salo na daban, wanda malaminmu na Hausa ya nuna mana a kwamfutarsa, domin mu koyi shiga cikin gidan.

Wane fim ne?

An yi shi a maƙwabciyarmu Nijar a shekarar 1966. Sunansa da Faransanci Le Retour d'un aventurier, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya, kuma tsawonsa minti 34 ne kacal. Nijar ba nesa take da mu ba: wanda ya tashi daga Kalgo ya bi ta Bunza zuwa Kamba, ya kai bakin iyakarta.

Wanda ya shirya shi Mustapha Alassane ne, da aka haifa a 1942, ya rasu a 2015 a Wagadugu. Da kanikanci ya fara, sannan ya koyi aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimin fim na zane mai motsi wurin Norman McLaren. Ya daɗe zaune a Tawa. A wancan zamanin gidajen sinima na Yamai da Kano cike suke da finafinan kaboyi na Amurka, samari suna kwaikwayon tafiyarsu da riƙon bindigarsu.

Labarin a taƙaice

Wani saurayi mai suna Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati. Tsarabar da ke ciki kayan kaboyi ne: malafa mai faɗi, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa, kowa ya yar da sunansa na yanka ya ɗauki sabo. Wannan ya zama Black Cooper, wancan James Kelly, wani Casse-Tout, budurwar cikinsu ta zama Reine Christine, wato Sarauniya Kiristin. Suka hau dawaki, suka shiga caca da dambe da ƙwace. Wasa ya zama gaske, ƙauye ya rasa sakat, har rikici ya koma tsakaninsu.

Abubuwa uku da mai kallo zai lura da su

Na farko, sutura da suna. A wannan fim, kaya su ne ke jan labari. Kafin a buɗe akwati, samarin 'ya'yan gari ne kamar kowa. Da suka sa malafa, tafiya ta sauya, magana ta sauya, kallon da suke yi wa dattawa ma ya sauya. Mu 'yan Gwandu mun san doki, muna ganinsa ranar hawan Sallah da mahayi cikin rawani da alkyabba, ya zo ya yi jinjina. Dokin fim ɗin nan irin namu ne, mahayin ne ya sake kaya, sai dabbar girmamawa ta zama ta tayar da hankali. Darakta bai tsaya yi mana bayani ba, ya bar ido ya gani.

Na biyu, abin da ke bayan jarumi. Yawancinmu fuska kawai muke kallo. A gwada kallon gefen hoto da bayansa. Kaboyin Amurka yana sukuwa ne a ƙasarsa, wannan kuwa yana yi ne a dajin Nijar da tsakanin gidaje irin na ƙauyukanmu, mutanen gari suna kallonsa cikin kayansu na gado. Rashin dacewar nan da gangan aka yi ta, kuma a nan salon fim ɗin yake.

Na uku, dariya. Mun yi dariya sosai, sai Malam ya tsayar da fim ɗin ya ce, "To, wa kuke yi wa dariyar?" Wata 'yar uwarmu ta ce, "Samarin mana, Malam." Ya ce, "A cikinku wa ba shi da laƙabin da ya ɗauko daga fim ko ƙwallo?" Ɗaki ya yi tsit. Idan fim ya ba ka dariya, tambayi kanka ko da kai ake.

Su wa suka fito?

Ga abin da ya fi ba mu mamaki. A yau manyan sunaye ne a tarihin fim na Nijar, amma a 1966 matasa ne da ba a san su ba. Djingarey Maiga, wanda ya fito a Black Cooper, ya zama babban darakta daga baya. Zalika Souley, wadda ta fito a Reine Christine, ta zama fitacciyar jarumar ƙasar, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Umaru Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ta sha tsangwama daga mutanen da suka kasa bambance halin da ta fito da shi a fim da halinta na gaskiya. Ta rasu a 2021. Ashe kyakkyawan aiki ne ke haifar da jarumi. Kuma rashin iya kallo yana iya cutar da ɗan wasa a rayuwarsa.

Ina ruwanmu da shi?

Akwatin Jimmy yana nan har yau, sai dai ya koma wayar salula. Aski, rawa, laƙabi da salon magana duk daga ciki suke fitowa. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990 ake ta muhawara kan aron da finafinan Hausa ke yi daga Indiya. Fim ɗin nan ya taimaka mana da amsa. Shi kansa Alassane aro ya yi: kyamara ta Turawa ce, salon kaboyi na Amurka ne. Amma ya sarrafa su ya faɗi maganar garinsu da su. Jimmy da abokansa kuwa kayan ne suka sarrafa su. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mun ƙara da cewa ya danganta da wanda ya ɗaura: ya san dalilin ɗaurawar, ko kuwa gani kawai ya yi an ɗaura?

Aikin mako

1. Zaɓi fitowa guda daga kowane fim, ka kashe sauti, ka kalle ta sau biyu. Rubuta abu uku da ka fahimta ba tare da jin magana ba.
2. Ba tare da ambaton sunan jarumi ko ɗaya ba, bayyana fim ɗin da ka fi so a jimla biyar.
3. Da Jimmy zai sauka a Gwandu ko Kalgo bana, me zai kasance cikin akwatinsa, kuma me kakarka za ta ce?

A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Uku da suka fi kyau za mu manna su a nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Malamanmu ma muna jiran tasu.