KATIN BASHI MAI KYAUTAR TAFIYE-TAFIYE A MA'AUNIN SHARI'A

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya bayyana wa bayinSa halal da haram. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ke fuskantar Musulmi masu yawan tafiye-tafiye, musamman 'yan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa. Mutum ne ya ke riƙe da ƙaramin katin banki yana biyan bukatunsa da shi, sai banki ya aiko masa da takarda yana kwaɗaita masa ya koma wa babban kati irin na manya. A cikin takardar za a ce duk abin da ya saya da katin za a ba shi maki, idan makin ya taru ya karɓi tikitin jirgin sama ko kwanan otal ba tare da ya biya ba, kuma zai riƙa shiga ɗakin hutawa na manyan baƙi a filayen jiragen sama. Wani ma har ya kan yi lissafi a ransa cewa da wannan maki zai tafi Umra. To, tambayar ita ce, ko ya halatta Musulmi ya karɓi irin wannan kati?

Kafin a yanke hukunci a kan abu, wajibi ne a san haƙiƙaninsa, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa hukunci reshe ne na fahimtar abin da a ke yi wa hukuncin.

ASALIN KATIN DA IRE-IRENSA

Katunan banki iri uku ne. Na farko shi ne katin cirar kuɗi, wanda aka fi sani a Nijeriya da Nijar, watau wanda ba ya biyan kome sai daga kuɗin da mai shi ya ajiye a asusunsa. Wannan babu bashi a cikinsa. Na biyu shi ne wanda kamfani ke biya wa mutum, sa'an nan a ƙarshen wata ya biya dukkan abin da ya ci gaba ɗaya. Irinsa ne kamfanin Diners Club ya fara fitarwa a birnin New York a shekarar 1950. Na uku shi ne katin bashi mai juyawa, wanda Bank of America ya fitar a jihar Kalifoniya a 1958, aka canja masa suna zuwa Visa a 1976. A cikin wannan, mutum yana da zaɓi: ko ya biya duka kafin wa'adi ya cika, ko ya biya ɗan kaɗan, sauran ya zauna a kansa a riƙa ɗora masa kuɗin ruwa.

Kyautar tafiya kuwa daga baya ta shigo. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya ƙirƙiro tsarin ba fasinjojinsa maki gwargwadon nisan tafiyarsu, a 1987 kuma ya haɗa kai da Citibank aka fitar da katin bashi mai tara irin wannan maki. Tun daga nan bankuna suka shiga gasa. A 2016 bankin Chase ya fitar da katinsa Sapphire Reserve, kuɗin shekararsa dala 450, ya kuma yi alkawarin maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 cikin watanni uku na farko. A 2025 kuɗin shekarar wannan kati ya kai dala 795, na katin Platinum na American Express kuma ya kai dala 895 a Amurka.

DAGA INA KYAUTAR KE FITOWA?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Banki ba gidan sadaka ba ne, saboda haka ya kamata mai hankali ya binciki aljihun da kyautar ke fitowa daga cikinsa. Ƙofofin samun banki a kan wannan kati uku ne.

Ƙofa ta farko ita ce la'adar da a ke cira daga ɗan kasuwa duk lokacin da aka saya masa kaya da kati. A Amurka wannan la'ada ta kan kai wajen kashi 2 cikin ɗari, ta kan fi haka a kan manyan katuna. Tarayyar Turai ta ƙayyade rabon bankin mai kati zuwa kashi 0.3 cikin ɗari a shekarar 2015, wannan na daga cikin dalilan da suka sa kyaututtukan katunan Turai ba su kai na Amurka ba. Ƙofa ta biyu ita ce kuɗin shekara da aka ambata. Ƙofa ta uku kuwa ita ce kuɗin ruwa da tarar jinkiri da a ke karɓa daga waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. Bisa ƙididdigar Babban Bankin Amurka, matsakaicin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, a 2023 da 2024.

Ga misali domin a fahimta. A ƙaddara mutum ya sayi kayan dala 5,000 da kati, kyautar da aka ba shi kuma ta kai darajar kashi 2 cikin ɗari, watau dala 100. Idan bashin nan ya zauna a kansa shekara guda a kan ruwa kashi 20 cikin ɗari, zai biya wajen dala 1,000, ban da kuɗin shekara. An ba shi ɗaya ke nan an karɓe goma. Wanda kuwa ya ke biya a kan lokaci, yana shan shayi a ɗakin manyan baƙi, ya sani cewa wani sashe na abin da ke ɗaukar nauyin wannan tsari daga gumin waɗanda bashi ya danne ya ke fitowa.

ABIN DA SHARI'A TA CE

A nan akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a warware. Kalmar da Hausawa ke faɗi ga abin da ɗan kasuwa ya samu a kan jarinsa daga kalmar Larabci ribhu ta fito, wannan kuwa halal ne. Ribar da Alƙur'ani ya haramta kalma ce dabam, asalin ma'anarta ƙari da hauhawa, ita ce Hausawa ke kira kuɗin ruwa. Rubutun boko ne ya haɗa su, amma Allah Ya raba su a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, inda Ya halatta ciniki, Ya hana ɗayar. A ayoyi na 278 da 279 kuma Ya yi wa wanda ya ƙi barinta shelar yaƙi daga gare Shi da ManzonSa, Ya kuma bayyana cewa wanda ya tuba yana da uwar kuɗinsa kaɗai.

Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Zaidu bin Aslama, yadda ribar zamanin jahiliyya ta ke. Idan wa'adin bashi ya cika, mai bin bashin ya kan ba wanda a ke bi zaɓi, ko ya biya nan take, ko a ƙara masa lokaci shi kuma ya ƙara kuɗi. Duk wanda ya duba katin bashi mai juyawa zai ga wannan sura ce ta dawo, sai dai a da baki da baki a ke yi, yanzu kuwa an buga ta da ƙananan haruffa a ƙarshen takarda. Ita ce Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya rushe a Hajjin Bankwana a shekara ta 10 bayan Hijira, ya fara da ta baffansa Abbas bin Abdulmuɗɗalib. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa la'ana ta haɗa da mai cin riba, da mai ba da ita, da mai rubuta ta, da shaidunta biyu.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa ita kyautar a kan kanta ba riba ba ce. Ƙa'idar da Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo a cikin Risala, ta hana rancen da ke jawo amfani, tana nufin amfanin da ke komawa ga mai ba da rance. A nan kuwa banki ne mai ba da rance, kuma shi ne mai ba da kyautar. Saboda haka hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, ta halatta a ba mai kati rangwamen otal da na jirgi da fifiko wajen hidima, ta hana a ba shi abin da shari'a ta haramta, kamar inshorar rai irin ta zamani ko shiga wuraren saɓo. Ashe ke nan cutar tana cikin sharaɗin da mutum ya sa wa hannu kafin ya karɓi katin.

A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Riyad a shekarar 2000, ta fitar da ƙuduri mai lamba 108. Taƙaitaccen abin da ya ƙunsa shi ne: bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba idan an sharɗanta ƙarin ruwa a cikinsa, ko da mai karɓar katin ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi ya cika. Idan babu wannan sharaɗi, ya halatta. Banki na iya karɓar ƙayyadadden kuɗi lokacin fitar da kati ko sabunta shi, gwargwadon ainihin hidimar da ya yi. Yana iya karɓar la'ada daga ɗan kasuwa, muddin farashin mai kati daidai ya ke da na mai tsabar kuɗi. Ƙudurin ya kuma hana sayen zinariya da azurfa da kuɗin ƙasashe da katin bashi, domin waɗannan sai hannu da hannu. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen gwal a kasuwannin Makka da Madina da Dubai.

SAƁANIN MALAMAI

Akwai malaman wannan zamani da suka yi sauƙi ga wanda ya tabbata zai biya a kan lokaci. Hujjarsu ita ce ƙissar Barira, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta so ta sayi wannan baiwa ta 'yanta ta, iyayengijinta suka sa sharaɗin cewa wala'inta nasu ne. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umurce ta ta saya, ya kuma bayyana cewa sharaɗin ɓatacce ne. Suka ce haka nan katin ya ke: ƙulla yarjejeniyar ya inganta, sharaɗin ruwa ya faɗi.

Waɗanda suka hana sun amsa da cewa sharaɗin iyayengijin Barira ya faɗi ne domin hukunci yana hannun Manzon Allah a Madina, babu mai ikon zartar da shi. Sharaɗin banki kuwa kotu na tsaye a bayansa, ranar da mutum ya makara za a karɓa ko yana so ko ba ya so. Sa'an nan babu wanda ya mallaki gobe. Ciwo da rasa aiki da faɗuwar darajar kuɗi da mantuwa a cikin tafiya, kowannensu ya isa ya sa wa'adi ya wuce.

Ko da an bi maganar masu sauƙaƙawa, yawancinsu sun gina ta ne a kan bukata mai ƙarfi, kamar mazaunin ƙasar da ba a ba shi hayar mota ko ɗakin otal sai da irin wannan kati. Larura kuwa a kan auna ta da gwargwadonta. Wanda ya ke da katin da ke biya masa bukata, ya bar shi ya nemi babba domin kujera mai laushi da tikitin kyauta, ba larura ce ta kai shi ba.

WATA ILLA TA ƁOYE

Bayan maganar riba akwai maganar almubazzaranci. Sharaɗin kashe dubban daloli cikin watanni uku an tsara shi ne domin mutum ya saba da yawan kashewa. Wanda ya biya kuɗin shekara mai yawa ya kan ji dole ya yi tafiyar da bai shirya ba, ya sauka a masaukin da ya fi ƙarfinsa, don kada kuɗinsa ya tafi a banza. Alhali aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsakaitawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Bashi kuma ba abin wasa ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Ya tabbata cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana yawan neman tsari daga gare shi, kuma ya sanar da cewa a na gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

ABIN DA YA KAMATA MUSULMI YA YI

Da farko, ya karanta takardar yarjejeniya kafin ya dubi jerin kyaututtuka. Idan ya ga sharaɗin ruwa ko tarar jinkiri mai shiga aljihun banki, ya ajiye alƙalami.

Na biyu, ya nemi madadi. Katin cirar kuɗi yana biyan yawancin bukatun matafiyi. Bankunan Musulunci a ƙasashen Larabawa da Malesiya suna fitar da katuna a ƙarƙashin kulawar majalisun malamai, wasunsu har da makin tafiya. A Nijeriya ma akwai bankunan da ba su mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Amma suna kaɗai bai isa ba, sai ya tambaya a kan wace ƙa'ida aka gina katin, kuma ko kuɗin hidimar yana ƙaruwa da yawan bashi ko tsawon lokaci.

Na uku, wanda ya riga ya shiga, ya gaggauta biyan abin da ke kansa, ya rufe katin, ya tuba. Kada ya ɗauki tsohon bashi ya mayar kan sabon kati yana zaton ya tsira, domin sauya mai bin bashi ba biyan bashi ba ne.

Na huɗu, mai niyyar Hajji ko Umra ya tuna cewa Allah tsarkakakke ne, ba Ya karɓar sai abu mai tsarki, kuma bai wajabta ziyarar ƊakinSa ba sai ga mai iko. Tara guzuri na halal sannu a hankali ya fi masa alheri a kan tikitin da ya samu ta hanyar sa hannu a takardar riba.

Allah Ya wadata Musulmi da halal ɗinSa ga barin haram, Ya yaye wa masu bashi bashinsu, Ya kai matafiya gida lafiya. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.