Sai na sayar da gonata kafin Allah ya buɗa mini?

Tambaya: Wani mai wa'azi ya ce mana duk wanda ya bar dukiyarsa saboda Yesu, Allah zai mayar masa ninki ɗari. Gona ɗaya gare ni da shanun huɗa biyu, ga iyali. Rashin bangaskiya ne idan na riƙe su?
Daga wani manomi, Kagoro

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Maganar tana cikin Markus sura 10, inda Yesu ya umarci wani attajiri ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, mutumin ya tafi da baƙin ciki. Lura da kyau: matalauta aka ce ya ba, ba mai wa'azin ba. Kuma Yesu ya faɗa masa haka ne domin dukiyar ta riga ta mallake zuciyarsa.

Ba kowa aka yi wa wannan umarni ba. Zakka na Yariko rabin dukiyarsa ya bayar, ya yi alkawarin biyan waɗanda ya cuta ninki huɗu, Yesu kuma ya ce ceto ya shigo gidansa. Bitrus ya tuna wa Hananiya, wanda ya sayar da fili, cewa filin nasa ne tun kafin ya sayar. Ƙarya ce ta halaka shi. Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti.

To, ninki ɗarin fa? Gaskiya ne, amma karanta aya ta 30 har ƙarshe. An lissafa gidaje, 'yan'uwa, uwaye, 'ya'ya da gonaki, sannan aka haɗa da tsanani. Yana damuna ƙwarai yadda ake tsallake wannan kalma ta ƙarshe. Wa zai sami uwaye ɗari in ba a cikin ikilisiya ba? Wanda danginsa suka kore shi saboda bangaskiya, ko rikici ya raba shi da gidansa, a ɗakin masu bi yake samun tabarma da tuwo. Ta hannun mutane irinka alkawarin yake cika, don haka ake bukatar rumbunka da hatsi a ciki.

Ka ci gaba da nomanka, ka ciyar da iyalinka, gama wasiƙar fari zuwa ga Timoti ta tsawata wa wanda ya ƙi kula da nasa. Bayan girbi, ka je wurin dattawan ikilisiyarku ka tambaye su wace gwauruwa ko wane baƙo ne ba shi da abinci bana.