Hoto a Matsayin Hujja: Tantance Naman Kaza Mai Kanta a Matattun Itatuwa Masu Ganyen Allura

Gabatarwa

Bahaushe ya san naman kaza da lemar kwaɗi, amma sunayen biyu sun fi nuni ga tsiro mai kara da hula wanda ke ɓullowa da damina, ya ruɓe cikin 'yan kwanaki. Akwai wani rukuni da ba shi da kara, yana manne da gungume ko kututture kamar kanta a jikin bango, wani lokaci da taurin itace, yana kuma iya shekaru a wuri guda. Shi aka kira naman kaza mai kanta a wannan nazari. An taƙaita bayani kan nau'o'in da ke cin matattun itatuwa masu ganyen allura, wato dangin Picea da Pinus da Abies, a dazuzzukan arewacin Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. A yau dubban hotunansu na shiga rumbunan intanet irin su iNaturalist, daga nan bayanan da aka amince da su su wuce GBIF, inda masu bincike ke ɗibar su. Sunan da aka laƙaba bisa kuskure yakan zama ɗigo a taswira, a gina hukunci a kansa.

Abin da ya kamata hoto ya nuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar saman kantar kaɗai, domin nan ne launi yake. Amma saman shi ne ya fi yaudara: rana takan koɗar da shi, gansakuka ta rufe shi, tsufa ya baƙanta shi. Hujja tana ƙasa, inda bakunan ƙananan bututai suke, waɗanda ƙurar iri ke zubowa ta cikinsu. Masana na ƙirga yawan hudojin da ke cikin milimita ɗaya, suna duba ko zagayayyu ne, ko masu kusurwa, ko sun tsage sun zama kamar haƙora. Don haka dole a sa rula a cikin hoton, a kuma shigar da ƙaramin madubi ƙarƙashin kantar idan ta yi kusa da ƙasa, maimakon a ɓalle ta.

Daji mai ganyen allura duhu gare shi ko da rana tsaka. Walƙiyar kyamara kai tsaye takan wanke launi, ta bar ƙyalli a kan ɓawo mai sheƙi. Gara a kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko kusa da haka, a karkato haske da farar takarda. Takardar tana da wani amfanin: da ita ake daidaita launi daga baya, domin inuwar ganye takan sa fari ya koma kore-kore.

Sai hoton itacen kansa. Wanda ya ɗauki kanta ya bar ɓawon gungumen ya zubar da rabin shaidarsa. Haka nan yanayin ruɓar: wasu nau'o'in suna cinye selulos su bar lignin, sai itacen ya koma ruwan ƙasa, ya tsattsage gida-gida kamar busasshen laka; wasu suna cin lignin ɗin ma, itacen ya yi fari, ya zama zare-zare mai laushi. Hoto ɗaya na tsagin gungume yakan raba dangi biyu kafin a kai ga na'urar hangen ƙananan halittu.

Fomitopsis pinicola da rikicin sunansa

Wannan shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi rikita sabon shiga. Olof Swartz, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara bayyana shi a 1810, Petter Karsten na Finlan ya mayar da shi dangin Fomitopsis a 1881. Siffar da aka san shi da ita ita ce kanta mai kama da kofaton doki, baƙi ko ruwan toka daga tushe, da jan ɗamara kusa da baki, sannan farin gefe. Sai dai ƙaraminsa dunƙule ne fari ko ruwan ɗorawa, babu ɗamara ko kaɗan, tsohonsa kuma yakan yi baƙi ƙirin har a ɗauke shi Fomes fomentarius, wanda ya fi son itatuwa masu faɗin ganye. Gwajin da ke raba su mai sauƙi ne: ɓawon Fomitopsis pinicola yana da ƙaro, idan aka kusanto da wutar ashana sai ya narke, na ɗayan kuwa ƙonewa yake yi. Lokacin da yake girma yakan fitar da ɗigon ruwa a gefensa kamar gumi, abin da masu hoto ke rububi a kai, ko da yake ba shi kaɗai ke yin haka ba. Idan an yanka shi a tsaye ana ganin bututan hawa-hawa, kowane hawa na nuna wani zangon girma. Ruɓarsa mai ruwan ƙasa ce.

Duk da haka hoto yana da iyaka. Binciken DNA da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa abin da ake kira da wannan suna a Amurka ta Arewa ba shi ba ne. An ware Fomitopsis mounceae da Fomitopsis schrenkii, ban da Fomitopsis ochracea da aka riga aka bayyana a 2008. Ainihin pinicola na Turai da Asiya ne. Ke nan wurin da aka ɗauki hoto ya zama wani ɓangare na tantancewa, kuma tsofaffin littattafan jagora na Amurka suna ɗauke da sunan da ya riga ya sauya.

Sauran nau'o'in ba su kai haka wahala ba. Trichaptum abietinum siriri ne, yana fitowa ɗaruruwa a jere, ƙasansa shunayya ne yana sabo, ya koma ruwan ƙasa idan ya bushe. Wanda ya makara ya rasa launin. Gloeophyllum sepiarium yana son katako da shingen da rana ke duka, ƙasansa kuma tsage-tsage ne maimakon hudoji. Ɗan'uwansa Gloeophyllum odoratum ƙamshi ke tona shi, abin da kyamara ba ta ɗauka, sai a rubuta a littafin fili. Heterobasidion annosum kuwa ɓoyewa yake yi a gindin kututture da ƙarƙashin saiwa, sai an yaye busasshen ganye; masu gandun katako sun san shi sarai, domin yana bin saiwa ya kashe itatuwa masu rai.

Akwai kuma Rhodofomes roseus, mai ƙasa ruwan hoda, wanda ke fitowa a faɗaɗɗun gungumen Picea. A Suwidin da Finlan ana ɗaukarsa alamar tsohon daji da gatari bai cika taɓawa ba, ana kuma la'akari da samuwarsa wajen tantance dajin da ya cancanci kariya. Daga sama yana iya kama da tsohon Fomitopsis pinicola. Mai hoton da ya ga irinsa zai kwanta a ƙasa ya ɗauki launin hudojin da rula a gefe, ya rubuta wuri da kwanan wata da nau'in itace, ya bar kantar a inda ya same ta.