CIWON ZARIN CI: YADDA ZAMA DA 'YAN'UWA KE TAIMAKON MAI FAMA DA SHI

A garin Agwada, cikin Ƙaramar Hukumar Kokona ta Jihar Nasarawa, kamar sauran ƙasar noma, cin abinci da yawa ba abin zargi ba ne. Wanda ya wuni yana huɗar doya, dole ne ya ci ya ƙoshi. Amma akwai wani irin ci dabam, wanda ba yunwa ke kawo shi ba. Jama'a kan kira mai shi maciyi ko mai haɗama, su yi masa dariya, alhali kuwa ciwo ne yake fama da shi.

ALAMOMIN CIWON

Mai wannan ciwo yakan ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, yana so ya tsaya amma ya kasa. Yakan ci da sauri, ko da ba ya jin yunwa, har cikinsa ya dame shi. Galibi a ɓoye yake ci saboda kunya, sa'an nan baƙin ciki da nadama su biyo baya. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtuka, ta ce idan haka na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, to, ya zama ciwo. Ba kowane mai ƙiba ke da shi ba, kuma siriri ma yana iya kamuwa. Damuwa da kaɗaici suna tayar da shi, haka nan horon kai da yunwa don a rame. In an ƙyale shi, yana iya jawo ƙiba, ciwon sukari da hawan jini.

ASALIN ƘUNGIYOYIN TAIMAKON JUNA

A shekarar 1935 wasu mutum biyu da giya ta ɗaiɗaita suka haɗu a birnin Akron na Amurka, suka gane cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya sha irin wahalarsa. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous. A watan Janairu na 1960 kuma, wata mata mai suna Rozanne da wasu mata biyu suka bi wannan hanya a birnin Los Anjelis, suka kafa Overeaters Anonymous domin masu zarin ci. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma bayyana sunan kowa a waje.

Abin lura shi ne, mashayi yana iya rabuwa da giya ɗungum, amma ba mai iya rabuwa da abinci. Mai zarin ci zai zauna gaban akushi kowace rana, don haka yana bukatar abokan tafiya na kullum. Ɓoyewa ita ce ke ciyar da ciwon. Ranar da mutum ya ji wani ya faɗi abin da shi ya daɗe yana ɓoyewa, ba wanda ya yi dariya, ranar kunya ke fara sakinsa.

YADDA ZA A KAFA IRINTA

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Agwada. Wanda ya san gayya da adashi ya san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum 3 ko 4 sun isa a fara, bisa waɗannan ƙa'idodi:

1. A tsai da rana ɗaya a mako da wuri mai sirri, kamar ajin makaranta bayan an tashi. Mata suna iya yin nasu zaman dabam.
2. Abin da aka faɗa a zaman, a bar shi a nan.
3. Kowa ya faɗi nasa labarin. Kada a katse shi, kada a yi masa faɗa.
4. Sabon shiga ya sami wanda ya riga shi, wanda zai nema idan sha'awar ci ta taso.
5. A ci abinci sau 3 a rana a kan lokaci, kada a tsallake ko ɗaya.
6. Wanda ya koma gidan jiya, a karɓe shi hannu biyu a zama na gaba.

KASHEDI

'Yan ƙungiya ba likitoci ba ne. Kada su ba juna magani, kada kuma a sayi ƙwayoyi ko shayin rage ƙiba a kasuwa. Mai ciwon sukari, mace mai ciki, da wanda baƙin ciki ya yi wa nauyi, lalle su ga ma'aikacin lafiya a asibitin da ke kusa, ko su je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Iyaye da mazaje da matan aure kuma su daina gori, domin gori ƙara tura mai ciwo yake yi cikin ɓoye. Wanda ya ga waɗannan alamomi a gidansa, ya kira mai su gefe, ya saurare shi, ya raka shi asibiti.