Yadda Ake Shirya Hutun Hawan Igiyar Ruwa a Tsibirin Lombok

Ana idar da sallar asuba a ƙauyukan kudancin Lombok sai ka fara jin ƙarar babura. Kowane babur an yi masa maƙalin ƙarfe a gefe, an ɗaura dogon allo a kai, mai shi ya nufi bakin teku tun gari bai gama wayewa ba. Ba kamun kifi za su ba. Igiyar ruwa za su hau: mutum ya kwanta rub da ciki a kan allo, ya tuƙa da hannuwansa, igiya ta taso ta bayansa ta ɗauke shi, shi kuma ya miƙe tsaye ta kai shi gaɓa. Sammakon da suke yi don su riga iska ne, domin da rana ta ɗaga iska kan taso ta dagula fuskar ruwan.

Lombok tsibiri ne a ƙasar Indonesiya, gabas da Bali. Mafi yawan mutanensa ƙabilar Sasak ne, Musulmi, har ana yi wa tsibirin kirari da mai masallatai dubu. Gaɓarsa ta kudu tana fuskantar Tekun Indiya, inda igiyoyi ke isowa daga nesa da ƙarfinsu. Wanda zai je can hutu ya riƙe abu ɗaya: teku ce ke tsara tafiyar. Ita ke zaɓar maka wata, ita ke zaɓar maka gaɓa, ita ke faɗa maka sa'ar shiga ruwa. Naka shi ne ka shirya sauran abubuwa su bi bayanta.

Mataki na 1: Fara da iyo tun kana gida

Tun ran gini, tun ran zane. Wata biyu ko uku kafin tafiya, nemi wurin ninƙaya ka riƙa zuwa sau biyu ko uku a mako. Abin da kake nema shi ne ka iya yin iyo na mintoci masu yawa ba tare da ka kama gefe ba, ka kuma iya tsayawa a ruwa mai zurfi hankalinka a kwance. Allo yana iya kuɓuce maka, kuma a wannan lokacin hannunka da numfashinka kaɗai gare ka. Ka haɗa da motsa kafaɗa da baya, saboda mafi yawan lokacin da mai hawan igiya ke yi a ruwa tuƙi yake yi da hannu. Tsayuwar kan allo 'yan daƙiƙoƙi ce kawai.

Mataki na 2: Zaɓi wata

Shekarar Lombok kashi biyu ce. Rani yana kamawa daga wajen Mayu zuwa Satumba: sama garau, igiyoyi manya, iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas. Damina kuma daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da tsaunuka ke yin kore shar, igiyoyi su ɗan ragu, ruwan sama ya riƙa sauka musamman da yamma. Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso, masauki ya yi tsada, ruwa ya cika da baƙi. Ga sabon shiga, tsakanin lokutan biyu ya fi daɗi, wato Afrilu da Mayu, ko Oktoba.

Duba kalandar Musulunci ma. Idan kwanakinka suka faɗa cikin azumi, yawancin ƙananan gidajen abinci na ƙauye suna rufewa da rana, kuma tuƙa allo da ƙishirwa ba ƙaramin aiki ba ne. Idan ta Bali za ka bi, kiyayi ranar Nyepi, sabuwar shekarar Hindun Bali da ke faɗowa galibi a watan Maris, domin a ranar har filin jirgin sama rufe shi ake yi na tsawon awa 24.

Mataki na 3: Takardu kafin tikiti

Kada ka biya kuɗin jirgi sai biza ta fito. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgin Indonesiya. Tun daga gida ake nema, ana tantancewa sosai, kuma abin yana cin lokaci. Tuntuɓi ofishin jakadancin Indonesiya da ke Abuja da wuri, ka ji sharuɗɗan daga bakinsu. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shiga, ka kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa a hannun wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take.

Sai inshorar tafiya. Karanta ta da kyau ka tabbatar an ambaci hawan igiyar ruwa da tuƙin babur, don wasu kamfanonin suna cire su. Manyan asibitoci suna Mataram, babban birnin lardin, wasu raunukan kuma sai an kai mutum Bali.

Mataki na 4: Hanya da masauki

Daga Abuja ko Legas, ana bi ta Doha ko Istanbul zuwa Jakarta ko Denpasar, sannan a hau ƙaramin jirgi zuwa filin jirgin Lombok da ke kusa da Praya. Daga Denpasar tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Mai son ganin teku yana iya shiga jirgin fito daga Padang Bai zuwa Lembar, amma ya ware awa 4 zuwa 5. Agogon Lombok yana gaban na Najeriya da awa 7, saboda haka kwana biyun farko na gajiya ne da gyangyaɗi. Hutun mako ɗaya bai isa ba. Kwana 12 zuwa 14 shi ne daidai.

Ka yada zango a garin Kuta na Lombok, kimanin rabin awa daga filin jirgi. Lura da kyau wajen kama ɗaki ta intanet, domin akwai wata Kuta a Bali, kuma baƙi da dama sun biya kuɗi a tsibirin da ba shi za su ba. Kama ɗaki na kwana uku kawai da farko. In ka isa ka ga gari, ka san gaɓar da ta karɓe ka, sai ka ƙara ko ka matsa kusa da ita. Tun da aka fara tseren babura na MotoGP a filin Mandalika a 2022, makon tseren kan sa kuɗin ɗaki ya tashi, don haka duba ranakunsa ka kauce.

Mataki na 5: Gaɓa daidai ƙarfinka

Nan ne shiri ke gyaruwa ko ya ɓaci. Gaɓoɓin kudancin Lombok suna kusa da juna, amma halinsu ya bambanta ƙwarai.

Selong Belanak, yamma da Kuta, ita ce makarantar masu koyo. Gaɓa ce doguwa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ƙasanta yashi ne lallausa, ruwan yana zurfi a hankali, igiya kuma tana isowa ta riga ta fashe ta zama kumfa. In ka faɗi, a kan yashi ka faɗi. Da yamma makiyaya kan koro garken ɓaunayen gida su ratsa ta bakin ruwan zuwa gida.

Gerupuk, gabas da Kuta, mataki na gaba ne. Ƙauyen masunta ne, kuma igiyoyinsa suna tsakiyar ruwa, sai an ɗauki kwalekwale mai fikafikai a gefe ya kai ka, ya jira ka. Wanda ya fara miƙewa a kan allo ba fargaba shi ke zuwa nan, tare da malaminsa.

Mawi kuwa ta ƙwararru ce: igiya mai nauyi, ruwa mai ja, ga duwatsun murjani masu kaifi a ƙasa. Haka Bangko-Bangko a ƙuryar kudu maso yamma, wadda ta yi suna a duniya saboda igiyarta mai naɗewa kamar tabarma, mutum ya shige cikinta. Je ka kalla daga tudu, ka sha mamaki, ka koma Selong Belanak. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 6: Kayan da za ka ɗauka

Kada ka sayi allo. A kowace gaɓar koyo akwai rumfunan haya, kuma mai koyo babban allo mai laushi yake buƙata, mai tsawon ƙafa 8 ko 9, wanda ko ya buge ka ba zai fasa maka goshi ba. Ruwan yana da ɗumi duk shekara, ba ka buƙatar rigar sanyi. Abin da za ka zo da shi: rigar ruwa mai dogon hannu don kada allo ya goge maka ƙirji, wando mai wuce gwiwa, man kare fata daga rana, hula, da ɗan akwatin magani mai auduga, filasta da maganin wanke rauni. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Awa biyu a kan ruwa da tsakar rana sai bayan wuya da hanci su saɓule. Mata su zo da kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, ba wanda zai kalle su, don matan gari ma da suturarsu suke shiga ruwa. Ƙara da maganin sauro saboda zazzaɓin dengi.

Mataki na 7: Ranar farko a ruwa

Ɗauki malami ɗan gari, aƙalla na kwana uku. Darasin farko a kan yashi ake yin sa. Zai kwantar da allon, ya sa ka kwanta a tsakiyarsa, yatsun ƙafarka a bakin wutsiya. Zai nuna maka yadda za ka dafa tafin hannu a gefen ƙirji, ka ɗaga jiki, ka jawo ƙafa ɗaya gaba a tashi guda, gwiwoyi a lanƙwashe, ido a gaba. Sai ya ɗaura maka talala a idon sawun ƙafar baya, wato igiyar roba da ke haɗa ka da allon.

Sannan ku shiga har ruwa ya kai ƙugu. Ka kwanta, ya riƙe wutsiyar allon, yana waiwayen teku. Za ka ji rugugin kumfa yana matsowa ta baya, ka ji ya ce tuƙa, ka ji allon ya yi sauƙi kamar an ɗaga shi. A nan kusan kowa ke kuskure ɗaya: ya kalli ƙafafunsa, sai ya kife. Inda ido ya kalla can jiki ke bi. Kalli bishiyoyin gaɓa. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe, kada ka yi nutso da ka, kuma kafin ka ɗago ka rufe kanka da hannuwa saboda allon yana iya dawowa.

Ruwa yana da ladubbansa. Igiya ɗaya ta mutum ɗaya ce, kuma mai haƙƙi shi ne wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa. Kada ka sake allonka alhali akwai mutum a bayanka. Gaida 'yan gari, ka bar musu tasu igiyar. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne sanin ruwa mai ja, wato hanyar da ruwan da ya zo gaɓa ke bi ya koma teku. Wurin yakan yi kama da ya fi ko'ina kwanciya, ba kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu. In ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi. Riƙe allonka, ka tuƙa ta gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka ɗaga hannu a gan ka.

Mataki na 8: Tsara yini da wata

Teku tana cika tana janyewa, kuma lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti 50 kowace rana. A tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar da janyewar sun fi yawa. Kowace gaɓa akwai sa'ar da ta fi kyau, don haka kowane dare tambayi malaminka ƙarfe nawa gobe. Yadda aka saba shi ne a shiga bayan asuba, a fito da hantsi, a kwanta da rana, in jiki ya yarda a koma bayan la'asar.

Bayan kowane kwana biyu ko uku, huta ɗaya. A ranar ka hau tudun Merese ka ga faɗuwar rana, ka taka yashin Tanjung Aan mai ƙwayoyi kamar masoro, ko ka je ƙauyen Sade ka ga gidajen Sasak masu rufin ciyawa da mata masu saƙa. Daga arewa dutsen Rinjani mai tsayin mita 3,726 yana leƙen tsibirin duka. Abinci ba abin damuwa ba ne: akwai ayam taliwang, gasasshiyar kaza da yaji mai zafi, da plecing kangkung, dafaffen ganye da miyar tumatir da barkono. Masallaci kuwa ko'ina ka juya. Sai dai Bahaushe ya tuna cewa a can alƙibla tana yamma, kuma ɗakuna da yawa akwai kibiya a silin mai nuna ta.

Mataki na 9: Kuɗi da babur

Kuɗin ƙasar rupiya ne. Mai hayar allo, mai kwalekwale da mai abincin gefen hanya tsaba suke karɓa, don haka cire kuɗi a Kuta kafin ka fita. Yi ciniki da fara'a, ka gama magana kafin ka hau. In za ka yi hayar babur, a hannun hagu ake tuƙi, ka riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ka sa hular kwano, ka kuma dawo gida kafin duhu. Wanda bai saba ba ya ɗauki direba, ya fi kwanciyar hankali.

A ƙarshe, bar kwana biyun ƙarshe ba tsari. Wata rana za ka fito da sassafe ka tarar teku ta kwanta lamo, wata rana kuma ta yi girman da malaminka zai girgiza kai ya ce yau a zauna. Ka ji maganarsa, ka sha ruwan kwakwa a rumfa, ka zauna kana kallon yadda igiyoyi ke zuwa jeri-jeri, sannan su lafa, sannan su dawo. Wanda ya koyi karanta wannan daga tudu, gobe in ya kwanta a kan allo zai san wacce zai bari ta wuce, wacce kuma zai juya ya tuƙa.