Darasi: Da Me Ake Auna Saɓani, Ra'ayi Ko Aiki?

Sau da yawa mutane kan auna tazarar da ke tsakaninsu da abin da kowa ya furta cewa ya gaskata. Tarihin hana cinikin bayi a Ingila ya nuna cewa wannan ma'auni kaɗai bai isa ba.

William Wilberforce, ɗan majalisar da ya jagoranci yaƙi da cinikin, amini ne ga Firayim Minista William Pitt. Pitt ne ma ya ƙarfafa shi ya ɗauki wannan aiki a 1787, kuma a 1792 ya yi jawabi mai zafi yana la'antar cinikin. A ra'ayi, bakinsu ɗaya. Amma Pitt ya riƙe mulki kusan shekara 19, ya rasu a Janairun 1806 ba tare da an hana cinikin ba. Yaƙi da Faransa da rabuwar kan ministocinsa suka sa ya riƙa ɗage maganar.

Charles James Fox kuwa abokin hamayyar Pitt ne, mutum mai caca, wanda zamansa ya sha bamban da na Wilberforce mai kamun kai. Duk da haka, da ya shiga gwamnati a 1806, shi ya gabatar da ƙudurin hana cinikin a watan Yuni. Ya rasu a Satumba, aka kafa dokar a Maris 1807.

To, wane ne ya fi kusa da Wilberforce? Ra'ayi yana nuna inda zuciya ta fuskanta, amma zaɓi ne ke bayyana nauyin da mutum ya ba abin da ya gaskata sa'ad da wasu bukatu suka taso. Pitt ba munafuki ba ne. Sai dai wasu al'amura sun sha gaban wannan a wurinsa.

Haka yake a cikin gida. Miji da mata suna iya yarda cewa karatun 'yarsu yana da muhimmanci, amma ranar biyan kuɗin makaranta ce za ta nuna ko bakinsu ɗaya ne. Kafin gardama ta yi tsawo, ya kamata kowa ya tambayi ɗan'uwansa abin da zai aikata gobe.

Tambayoyin Nazari
1. Me ya hana Pitt cika abin da ya gaskata?
2. A wace magana ce iyalinku suka yarda da baki amma suka rabu a aiki?